Zurmar da Muka Shuka a Sara

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Nan Sara kowa lafiya.

Litinin da hantsi na je Birnin Kudu, wurin kamfanin da na lallashi Baba muka shuka wa zurma a gonar dawarmu. Bashi ya ci ƙarfinsu, sun damƙa kamfanin ga wani lauya, shi kuma ya soke yarjejeniyarmu ta sayen zurmar. Ashe ranar Juma'ar da manajansu ya ci tuwonmu aka shafa Fatihar yarjejeniyar, sun riga sun damƙa.

Zurma ko akuya ba ta ci. Ban san wa zai saya ba, ban san ko kotu za ta saurare mu ba, ban san ta yadda zan gaya wa Baba ba.

A taya mu da addu'a. A gaishe da Gwaggo.

Ɗanka,
Nura