Alƙalamin da Ya Ƙi Hannun Dama

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya aiki, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mana girma. Har yanzu in na dawo daga shago sai na tsaya a ƙofar ɗakinsa zan yi sallama, sannan in tuna.

Na samu takardar da ɗakin karatu na jami'a ya ba ka. Na yarda a miƙa musu littattafai goma sha ɗayan nan na kakanmu Malam, gara su zauna cikin gilashi da a ce gara ta cinye su a akwati. Amma ban sa hannu ba tukuna, kuma ga dalili.

Ka tuna alƙalamin kara da ke cikin gafakar Malam? Tun muna yara ake ce mana ba ya rubutu a hannun kowa sai mai shi. Kai ma ka gwada shi shekarar da ka gama makaranta, ya yi ta kartar takarda yana fesa tawada, Kawu ya ce karamar Malam ce. Ni ba a taɓa ba ni ba. Wa zai miƙa wa bahaguwa alƙalamin malami?

Kwana biyu kafin Baba ya cika, da hantsi ina ba shi magani, ya nuna mini gafakar. Lokacin ya daina iya magana. Na ciro alƙalamin na miƙa masa da dama, yadda aka hore ni. Ya ture wannan hannun, ya kamo na hagu, ya sa mini alƙalamin ya dunƙule yatsuna a kai. Na ɗauka ruɗin ciwo ne.

Jiya ina kakkaɓe littattafan sai abin ya faɗo mini a rai, na samo tawada na tsoma. Yaya, da hagu alƙalamin nan tafiya yake kamar allura a sabon yadi! Na duba bakinsa, na ga an fiƙe shi a karkace ta ɗaya ɓarin. Ni tela ce. Shekara goma na yi ina fama da almakashin masu dama kafin na samu irin nawa, don haka in na ga kayan aikin da aka yi wa hannun hagu ina gane shi. Malam kuwa da dama yake komai. Kafin ni bahaguwa ɗaya aka yi a gidan nan, ita ce Iya, matarsa, mahaifiyar Baba.

Gobe zan je wurin Goggo, tunda ita kaɗai ta rage a 'ya'yansu. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
wadda har yau kake ce wa Bahaguwa duk da na hana ka.


Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ciwon bayan ya yi sauƙi. A gaida Anti, in har ta yarda ta karɓi gaisuwata.

Wasiƙarka ta iso, tun ban buɗe ba na ji zafinta ta cikin ambulan. Ka ce ina neman kunyata Malam a gaban baƙi, ka ce in bar matattu su huta, in sa hannu ko ka zo ka ɗauki akwatin da kanka. Bismillah, ka zo, amma makullin yana wuyana.

Na tarar da Goggo tana shan hantsi a ƙofar ɗakinta. Na ajiye alƙalamin a cinyarta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ashe dai yayanta, wato Baba, bai iya tafiya da maganar ba. Ta ce Iya ta sa su biyun sun yi alkawarin ba za su faɗa da bakinsu ba, amma tunda alƙalami ya riga ya faɗa, ita shaida kawai za ta yi.

Idon Malam ya fara hazo tun Baba yana goye. Yana gane mutane, amma ba ya ganin rubutu a takarda. Sai su rufe ƙofa, yana faɗa Iya tana rubutawa, littafi uku aka yi haka. Da tsufa ya taɓa masa tunani sai ta ci gaba daga kanta. Sauran takwas ɗin, har da na magungunan haihuwa da na asalin zuriyarmu, nata ne tun daga farko har ƙarshe. Malam da kansa ya so ya bayyana, ita ta hana. Ta ce ba wanda zai karɓi ilimin da mace ta rubuta, balle da hannun hagu, kuma ta fi son a yi amfani da shi da a san mai shi.

Ka tuna baƙin da ke yatsunta, wanda muke tsokanarta muna cewa na tukunya ne? Ka tuna alfaharin da muke yi cewa a littafin asalinmu an rubuta kakanninmu mata har bakwai, kowace da inda ta fito da sana'arta, masaƙiya, ungozoma, mai ginin tukwane? Kawu ya ce adalcin Malam ne. Iya ce ta zauna ta tattaro uwayenta don kada su ɓace, ita kuma ta bar kanta a waje.

Na yi kuka, Yaya. Na tuna Umma tana ɗaure mini hannu da ɗankwali don in koyi komai da dama, Baba yana shigowa ya kwance bai ce uffan ba. Sai yau na san wadda yake tunawa. Da na sani da na tambaye shi tun yana iya amsawa, wannan shi ke cina.

Ba na cewa a goge Malam. Shi ya koya mata karatu, kuma uku nasa ne. A rubuta kowa a kan nasa, shi ke nan. In ba haka ba, hannuna ba zai taɓa takardar nan ba, ko na dama ko na hagu.

Na naɗe alƙalamin a ƙyalle na haɗa da takardar. Kai injiniya ne, kullum kana cewa sai an gwada abu ake yarda. To ka gwada.

Ƙanwarka mai taurin kai, yadda ka rubuta.


Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta mai neman shiri. Ina fatan kowa lafiya. Goggo ta ce in gaishe ka sau biyu.

Takardar ta dawo tare da alƙalamin, ba wasiƙa ko layi ɗaya, halinka dai. Na ga inda ka soke layin da aka buga cewa duka na Malam ne, ka rubuta uku na Malam, takwas na Iya da cikakken sunanta. Sai na duba ƙasa na ga sa hannunka. Yaya, mutumin da ake kawo wa katin aure ya rubuta saboda kyan hannu! Kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takardar. Na yi dariya har abokiyar ɗinkina ta tsayar da keke tana tambaya ko lafiya. Da na lura da kaurin layin na gane da alƙalamin Iya ka yi shi, kuma da hannun hagu, sai dariyar ta ƙare. Ma'aikacin ɗakin karatun ya so ka sake wani mai kyau, na ce masa wannan shi ne mai kyan.

Ranar Talata na kai Goggo ta gani. Littattafan suna cikin gilashi, kowane da ɗan katinsa. Ba ta iya karatun boko ba, ta sa na karanta mata katin Iya sau uku. A na ukun wasu ɗalibai mata suka matso suna saurare, sai Goggo ta miƙe tsaye ba sanda, ta ce musu wannan uwarta ce. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

Sun ajiye alƙalamin a gefen dama na littafin asalinmu. Na kira ma'aikacin na ce ya buɗe gilashin ya mayar da shi hagu. Ya tambayi dalili, na ce can mai shi take ajiye shi.

Da na dawo gida na tsaya a ƙofar ɗakin Baba, wannan karon da sanina na yi sallamar. Na gaya masa alkawarinsa yana nan bai karye ba, saƙon kuma ya isa.

Ka zo ka gani da idonka in ka samu hutu. Sannan sunan nan da na yi shekara talatin ina hana ka, na janye hanin. Ka kira ni da shi a gaban kowa.

Ƙanwarka,
Bahaguwa, jikar Bahaguwa.