Rasuwar Injiniya Youssouf Saleh Bibémi, Shugaban Sashen Gyaran Jirage

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Kamfanin Jiragen Sama na Tinguelin da ke Garwa suna sanar da jama'a cewa sun samu labarin rasuwar Shugaban Sashen Gyara da Kula da Lafiyar Jirage, Injiniya Alhaji Youssouf Saleh Bibémi, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi sakamakon haɗarin mota kusa da Ngong. Yana kan hanyar Ngaundere ne domin ganawa da matasan da suka kammala makarantar koyon sana'a, ya zaɓo waɗanda za a horar a sashensa. Direban da ke tare da shi, Monsieur Luc, yana asibiti, jikinsa kuma da sauƙi. An yi jana'izar marigayin a ranar bayan sallar la'asar, kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Marigayin, wanda abokan aiki ke kira Chef Youssouf, ya shigo kamfanin nan tun muna da ƙananan jirage masu farfela, bayan ya ƙware a sana'arsa a Duwala da ƙasashen waje. Lokacin da Hukumar ta yanke shawarar shigo da manyan jirage domin jigilar alhazai da kayan 'yan kasuwa, shi ne ya miƙe a taro ya ce sayen jirgi ba wuya, samun masu riƙe shi ne aiki. Ya bayyana cewa babban jirgi yana bukatar masana inji daban, masana lantarki daban, masu kula da tayoyi da birki daban, kowane rukuni da masu karɓarsa idan ya gaji, sannan duk abin da wani ya ɗaura sai wani ya sake dubawa kafin a sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi. Maganarsa da ta zauna a bakin ma'aikata ita ce: "Jirgi ba motar Marwa ba ce. Idan ya tashi, babu gefen hanyar da za a tsaya a buɗe inji a duba." Hukumar ta karɓi shawararsa, shi kuma ya duƙufa neman mutane a Garwa da Bibémi da Lagdo, Musulmi da Kirista, maza da mata, yana koya musu da Faransanci, idan abu ya ƙi shiga ya juya Fillanci ko Hausa. Cikin waɗanda suka tashi a hannunsa akwai Madame Marthe, mace ta farko da ta samu lasisin sa hannu kan babban jirgi a kamfaninmu.

Alhazan bara ba za su manta da shi ba. Ranar da za su tashi, an riga an auna kaya, sai aka ga mai yana tsattsafowa daga ƙafar jirgin. Chef Youssouf ya ƙi sa hannu, duk da zafin rana da ƙorafin jama'a. Bai aiki kowa ba, shi da kansa ya shiga zauren jira da kayan aikinsa a jiki, ya durƙusa gaban dattawa ya ce: "Iyayena, ku yi mini haƙuri. Gara ku yi fushi da ni yau, ku dawo lafiya ku yafe mini." Sai washegari jirgin ya tashi. Da alhazan suka dawo, wata dattijuwa mai sayar da bandar kifi a Lagdo ta nemo shi har rumfar gyara, ta ba shi dabino da ruwan Zamzam.

Wajibi ne mu faɗa wa jama'a gaskiya game da giɓin da wannan rashi ya bari. Masu lasisin sa hannu kan manyan jiragenmu ba su kai yadda aikin ke bukata ba. Saboda haka Hukumar ta naɗa Madame Marthe ta riƙe sashen, ta kuma ajiye ɗaya daga cikin manyan jiragen har sai an samu isassun ƙwararru. Wasu tafiye-tafiye za su jinkirta, muna neman afuwar fasinjojinmu. Matasan Ngaundere kuwa, kada su ɗauka an manta da su. Tawagarmu za ta iso gare su bayan sadakar bakwai.

Ga uwargidansa Hajiya Fatime, da 'ya'yansa Ridwan, Hanan da Ziyad, da mahaifiyarsa Hajiya Habsatu da ke Bibémi, muna miƙa ta'aziyyarmu da zuciya ɗaya. Kun rasa uba, mu ma mun rasa. Allah Ya ba ku juriya da haƙurin wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya albarkace shi. Allah Ya jiƙan Alhaji Youssouf, Ya yafe kurakuransa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Sa hannu:
Alhaji Shu'aibu Hamadou
Kakakin Hukumar Gudanarwa
Kamfanin Jiragen Sama na Tinguelin, Garwa