Hannun da Ya Taɓa Ƙasa a Gozaki

Zuwa ga aminina Sande, wanda muke kira Ɗanladi,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali, a duk inda Allah ya ajiye ka. Ni ne Mamman ɗan Sarkin Fawa na Funtua. Ban san adireshinka ba tun da kuka kwashe kuka koma kudu, shi ya sa na rubuta wannan a fili, ko wani zai gani ya kai maka.

Abin da ya tuno min da kai musu ne. A majalisarmu yanzu ba a rasa mai waya a hannu, ana kallon faɗan nan na cikin keji, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa. Wasu su ce mai shuri ba ya kai labari, da an rungume shi ya zama kaya. Wasu su ce ƙafa ɗaya in ta sauka daidai ta gama magana. Ni dai dariya nake yi, don na ga amsar da idona tun kafin a haifi rabinsu.

Ka tuna farkon shekarun tamanin, da ka dawo daga makaranta a Zariya da fararen kaya da baƙar ɗamara? Mu duk kareti muke ce wa abin, kai ko ka dage sunansa takwando. Kullum kana bayan shagon babanka na kayan keke, kusa da tasha, kana fasa katako da diddige. Mamanka ta gaji da kai har ta ɓoye kujerun gida.

Amma ni na san abin da ke cin ka. A Funtua aka yanke maka cibi, Hausarka ta fi tawa daɗi, duk da haka, don iyayenka mutanen kudu ne, in mun je kallon dambe sai a ce a matsa wa baƙo ya zauna. Kowane ɗan dambe na garin yana da takensa a bakin kalangu. Ka ce min ba ka son komai illa ranar da Audu makaɗi zai buga naka, ya ce namu ne.

Ni na roƙi Sarkin Dambe ya ba ka fage. Ya ce shuri dai ba haramun ba ne a dambe, ka zo.

Da kaka ne, an gama yankan dawa, muka hau bayan motar auduga zuwa Gozaki. Bayan la'asar aka share fili, aka haɗa ka da Iro, manomin da in ya tsaya sai ka rantse rumbu ne aka ba ƙafafu. Ni na naɗe maka hannun dama da zare. Na gaya maka turmi uku ake yi, na nuna maka yadda ake kare fuska da hagu, har na ce kar ka kalli idonsa. Na gaya maka komai, sai abu ɗaya.

Da ka shiga ka rusuna masa kamar yadda aka koya maka, jama'a suka kece da dariya, ana cewa ɗan boko ya fara ba da haƙuri. Dariyar ba ta daɗe ba. Ƙafarka ta sauka a haƙarƙarin Iro sau biyu kafin ya gane daga ina ake dukansa.

A turmi na biyu ya gano ka. Ya daina ba ka tazara, ya manne maka yadda ƙafa ba ta da wurin tashi, ya yi ta zuba maka a ƙirji. Na ji tsoro ranar, ban taɓa faɗa maka ba.

Sai na uku. Ka ja baya taku biyu, ka juya, ka dafa ƙasa da hannun hagu, diddigenka ya tashi ya same shi a bayan kunne. Iro ya zube kamar buhun masara. Ka yi tsalle ka waiwayo ni kana washe baki, ni kuwa na dafe kai, don na ga hannun.

A dambe, duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ya taɓa ƙasa an kashe shi, wasa ya ƙare. Naka ya riga Iro isa ƙasa. Sarkin Dambe ya je ya ɗaga hannun mutumin da ake yi wa fifita. Da aka yayyafa wa Iro ruwa ya farfaɗo, ya tambaya wa ya ci, aka ce shi. Ya ce in haka ake cin dambe, Allah ya raba shi da irin wannan nasara.

Na zaci za ka yi rigima, kuma da ka yi, da shi ke nan an ce baƙo bai san al'ada ba. Sai ka haɗiye fushinka, ka je ka miƙa wa Iro hannu, ka sake rusunawa. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Can muka ji Audu ya matse kalangu da wani sabon kiɗa, yana cewa: Ɗanladi namu na Funtua, an kashe ka a tsaye, wanda ya ci ka yana kwance. Ka juya baya kana goge ido, wai zufa ce.

To ga amsar da nake ba 'yan majalisa. Shuri yana aiki matuƙar akwai tazara, kuma mai shi ya san abin yi in aka matse shi. Kai ka san na farko, Iro ya koya maka na biyu. A kejin nan kuma dafa ƙasa ba laifi ba ne, don haka da yau ne, kai ka ci. Zuwa duniya da wuri ka yi kawai.

Saura abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A hanyar dawowa ka tambaye ni me ya hana ni gaya maka dokar, har ka bar garin ban amsa ba. Ba mugunta ba ce, Ɗanladi. Dokar nan ba a koya wa ɗan gari ita, da ita yake tashi. Baƙo ake zaunarwa a yi wa bayani, ni kuwa ko sau ɗaya bai taɓa zo min a rai cewa kai baƙo ba ne.

Audu ya rasu, amma ɗansa ya gaji kalangun, kuma takenka yana hannunsa. Ina sa shi ya buga min duk kaka. Ina kewarka ƙwarai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka ƙarfin gwiwoyin nan, ya raya zuri'arka. Allah ya sa wannan ta iso gare ka muna da rai, ka zo ka ji shi da kunnenka.

Naka har kullum,
Mamman