Sarki Dargaza na Baba

Litinin, 6 ga Mayu 2024
Yaya Issoufou ya sauke min Baba a gidana na unguwar Bobiel kamar buhun gero, wai gidansa ba ɗaki. Baba, mutumin da ya bar mu ina aji uku a lekwal, ya tafi Kwatano tuƙin mota, shekara goma sha tara ko wasiƙa. Inna ta rasu tana jira. Yanzu ya dawo, hannun dama ya shanye, da kaye bakwai, littattafan rubutu irin na ƴan makaranta, cikin leda. Na ba shi tabarma da abinci. Iyakarta ke nan.

Alhamis, 9 ga Mayu
Ashe kayen nan tarihin wani sarki ne da ya ƙago. Sarki Dargaza na Birnin Gishiri, ƙasar da rana biyu ke fitowa, mutane na hawan dorina zuwa kasuwa. Dattijo da furfura! Wai tunda hannu ya ƙi, ni zan riƙe masa bik in rubuta. "Ramlatu, saura babi uku." Na ce ɗinkin Layya na jirana a shagon Zongo, ba ni da lokacin dorina.

Talata, 14 ga Mayu
Kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, keken ɗinki ya tsaya, na dawo gida. Zafi. Na rubuta masa shafi biyu don ya ƙyale ni. An haifi Dargaza da haƙoran ƙarfe, ya hau gado yana da shekara tara, ya yi yaƙi da iska ya ɗaure ta cikin tulu. Ya hana kuka a ƙasarsa, duk wanda ya yi hawaye sai ya kai su fada a ƙwarya. Baba na faɗi yana lumshe ido kamar mai jan baƙi. Ko sau ɗaya bai tambayi inda aka binne Inna ba.

Asabar, 18 ga Mayu
Na ba Kadi maƙwabciya labari, muka yi dariya har da riƙe ciki.

Juma'a, 24 ga Mayu
Yau sarkin ya bar gari. Wai ya ji labarin wata rijiya a ƙarshen duniya, mai sha ba ya talauci, ya ce wa ƴarsa gimbiya ta riƙe masa birni kwana arba'in. Ya yi shekara ashirin. Na aje bik na ce, "Baba, wannan ba sarki ba ne, matsoraci ne." Ya ce, "Rubuta haka ɗin. Ya sami rijiyar tun shekarar farko, busasshiya. Kunya ta hana shi komowa."
Kunya. Mu kuma kunyarsa muka ci da dambu?

Laraba, 29 ga Mayu
Dargaza ya iso ƙofar birni, ba rawani, ba dorina, masu gadi ba su gane shi ba. Ya aika a faɗa wa gimbiya. Nan Baba ya tsaya. Na ce to, sai me? Ya ce bai sani ba, shekara shida ke nan yana tsaye a wurin. Na ce ya bar shi can rana biyun su gasa shi.

Lahadi, 2 ga Yuni
Ciwon shanyewar jikin ya sake bugunsa jiya da la'asar, na kai shi asibiti. Likita ta ce da wuya magana ta dawo. Issoufou ya zo, ya tsaya minti goma yana danna waya, ya tafi. Baba na bina da ido duk inda na juya. Haushi.

Talata, 4 ga Yuni
Ban je shago ba, Zulaiha da ta kawo ɗinkin leshi ta kira sau huɗu. Na tafi asibiti da kaye na bakwai, don dai kada ɓera ya ci shi a gida. Zaman banza ya ishe ni, na rubuta rabin shafi. Gimbiya ba ta fito ba, ba ta kuma yafe ba, kar ma ya sa rai. Ta dai ce wa masu gadi su bar ƙaramar ƙofa a buɗe, saboda iska. Na karanta masa. Ya kama bakin zanena da hannun hagu, ya ƙi saki har aka kira magariba.
Rubutun nawa ma ya fi nasa kyau.