Tafin Hannun Ɗayyabu

Kawo, Kaduna
6 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Harira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta riske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Aminatu, ta daina ɗingishi? Yaya damina a Funtuwa? Mu nan ruwa ya sauka sosai, sauro kuma ya kafa daularsa.

Na fifita alƙalami a kan waya saboda mas'alar tana da nauyi, kuma na san wayarki a hannun yaranki take yini.

Kin tambayi haƙiƙanin aikina. Kamfanin da ya ɗauke ni yana da manyan motoci a garejinsa na Rigachikun, kuma ba direban da zai tayar da mota zuwa Kudu sai ya bi ta ofishina. Ina auna zafin jikinsa da hawan jininsa, in duba idonsa, sannan in sa hannu ko in hana. Suna kirana Likita. Na fayyace musu cewa digirina na kiwon lafiyar al'umma ne, amma tun da sun nace, ban ga hikimar taƙaddama ba.

Mutanen nan suna da wata falsafa mai hatsari: wai direba ba ya ciwo sai ya sauke kaya. Dalilinsu shi ne duk wanda na dakatar, layinsa ya wuce, motarsa kuma a miƙa wa wani, wani lokaci ba ta dawowa hannunsa. Saboda haka suka ƙirƙiro dabara. Ma'aunin zafina irin wanda ake haskawa a goshi ne, sai mai zazzaɓi ya sayi ruwan leda mai ƙanƙara ya ɗora a goshinsa a bayan masallaci, ya goge, ya shigo yana murmushi. Da na kai ƙara wurin shugabansu Lawan, dariya ya yi har hularsa ta karkace.

Yanzu ga asalin magana. Akwai Fadila, 'yar maƙwabcinmu Alhaji Zakari, tsohon ma'aikacin gwamnati. Malamar firamare ce, mai natsuwa da kaifin basira. Na sha zuwa zance wurinta, kuma tana sauraron bayanaina da ladabi. Sai dai ba ni kaɗai ba ne. Akwai wani Ɗayyabu ɗan Katabu, ɗaya daga cikin direbobin da nake sa wa hannu. Ki yi la'akari da wannan, Yaya: mutumin da ba ya iya barin Kaduna sai da izinina, shi ne abokin takarata.

In ya dawo daga Legas yakan zo mata da kwakwa da abarba da labaran hanya marasa kan gado. Daga tagata nake jin dariyarta, wata irin dariya da ban taɓa samu ba duk da tarin karatuna. In zai tafi, a kula ake aika masa da fate. Ni kuwa ruwa ake kawo mini a kofi. Ba kishi nake yi ba, nazari nake yi a kan yadda al'umma take raba darajoji ba bisa cancanta ba.

Abin da ke sanyaya mini rai shi ne rabin watansa a kan kwalta yake ƙarewa. Alhaji kuwa ya ce kafin watan nan ya mutu yana son Fadila ta tsayar da mutum guda, a turo magabata. Ɗayyabu zai yi lodin masara ranar Litinin. Don haka ki yi wa Kawu magana ya fara shiri.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙaninki mai biyayya,
Suhaib

Kawo, Kaduna
12 ga Yuli

Yaya Harira,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyakkyawar gaisuwa, tare da fatan kowa yana lafiya. Na ji daɗin jin cewa Aminatu ta koma makaranta. Ni jikina lafiya lau, amma zuciyata tana cikin wani hali da ban sami kalmar da ta dace da shi ba, kuma kin san ba kasafai kalma take gagarata ba.

Ranar Litinin da safe Ɗayyabu ya shigo ofishina, motarsa tana waje an riga an ɗaure tamfol. Na haska masa ma'auni a goshi, ya nuna lafiya. Jininsa bai hau ba. Idonsa ja ne, amma wane direba ne idonsa ba ja ba? A kan kujerar da ke gefe ya ajiye kular nan da na sani, mai ruwan toka. Na ɗauki biro cikin farin cikin da ba zan ɓoye miki ba.

Sai ya miƙo hannu mu yi sallama. Yana daga cikin mutanen nan da in sun kama hannunka ba sa saki sai sun gaida danginka kaf. Har ke ya tambaya, ke da bai taɓa gani ba. Yaya, tafin hannunsa kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta. Na dubi wuyan rigarsa, na ga a jiƙe yake. Ya ga na gani. Bai saki hannuna ba, ya rage murya ya ce, “Likita, na'urarka ta ce lafiyata lau. Sa hannu kawai.”

A nan na fahimci Shaiɗan masanin mantiƙi ne. Ya jero mini hujjoji masu tsari. Na'ura ta wanke ni, ba mai tuhumata. Mutumin baligi ne, shi ya nema. In ya tafi, ba zai dawo ba sai Kawu ya zo ya koma. In kuwa na hana shi, na zaunar da shi a Kaduna da hannuna, a daidai makonnin da Fadila za ta yanke hukunci. Na daɗe riƙe da biron nan fiye da yadda zan so ki sani.

Abin da ya karya hujjojin ba wani babban tunani ba ne. Tagar ofishina tana kallon titin Zariya, sai ga wata bas ta wuce cike da mata da yara, irin wadda kike shiga in za ki zo. A zuciyata na hango motar masara a gangara, mai tuƙinta yana rawar ɗari, irin wannan bas tana tahowa. Na buɗe durowa na ɗauko tsohon ma'aunin da ake sa wa a hammata. Sakamakon ya tayar mini da hankali. Da na matsa masa, ya zaro ƙullin ƙwayoyin da wani mai kemis ya haɗa masa, a ciki har da mai sa barci. Na rubuta cewa bai cancanci tuƙi ba, ya tafi asibiti nan take.

Bai tafi ba. Garejin ya hargitse. Lawan ya shigo da zuga yana cewa kowa ya san inda na dosa, wai na ga yaro ya fi ni farin jini a gidan Alhaji Zakari shi ne zan raba shi da motarsa. Aka ba wani makullin a gaban Ɗayyabu, yana tsaye yana kallo motar ta fita. Kafin azahar labari ya isa Kawo. Fadila ta aiko mini da saƙo a waya cewa ba ta taɓa zaton ilimi yana koya wa mutum ƙeta ba.

Ki dubi wannan zalunci, Yaya. Da na bi kishina, da sa hannu na yi. Sau ɗaya na take shi, kuma a ranar ce duniya ta yi ittifaƙi cewa ni mai kishi ne.

Akwai sauran bayani, amma mai motar Funtuwa yana jira. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Suhaib

Kawo, Kaduna
30 ga Yuli

Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, ya gida, ya yara, ya haƙuri da shirun da na yi. Na ga kiranki ban ɗauka ba. Ki gafarce ni, ba raini ba ne, murya ce ba ni da ita.

Ga abin da ban ƙarasa miki ba. A ranar Litinin ɗin nan da la'asar, Ɗayyabu ya yanke jiki ya faɗi a sahu a masallacin gareji. Da na sa masa hannu, a wannan lokaci yana wajen Lokoja da lodi a bayansa. Ni na riƙe kansa a mota har asibiti. Likitan gaske ya ce zazzaɓin cizon sauro ne da ya kusa taɓa ƙwaƙwalwa. Lawan ya same ni a barandar asibitin, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. A wurinsu wannan shi ne ban haƙuri.

Kina iya zaton daga nan al'amura suka gyaru mini. Akasin haka ne. Mahaifiyar Ɗayyabu tsohuwa ce, zirga-zirga daga Katabu ta fi ƙarfinta, sai gidan Alhaji Zakari suka ɗauki ɗawainiyar abinci. Kular da a da take fita sau ɗaya a wata ta koma fita kullum, da kunun tsamiya da farfesu. Ina ganin wucewarta ta ƙofata. Alhaji da kansa ya je dubiya, ya tarar da direbobi sun cika baranda har waje, ya dawo yana cewa mutumin da jama'a suke so haka ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. Ban san an taɓa auna cancantar miji da yawan masu dubiya ba, amma ba a nemi fatawata ba.

An sa rana, Yaya. Ki ce wa Kawu ya ajiye babbar rigarsa.

Shekaranjiya da yamma aka yi mini sallama. Fadila ce da ƙanwarta Hasana, da kula mai ruwan toka a hannu. Ta nemi gafarar saƙon da ta aiko, idonta a ƙasa. Na shirya mata jawabi mai sassa uku a kan amanar aiki, amma ta riga ni magana. Ta ce, “Malam Suhaib, da ba don Allah ya sa kai ne a wurin ba, da yanzu zaman makoki muke yi.” Wato abincin da na shafe watanni ina hange ya iso ɗakina a ƙarshe, a matsayin tukwicin tsare mata miji. Fate ne da yakuwa. Na yi niyyar ba zan taɓa ba. Na cinye shi tas, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ya fi yadda nake zato daɗi, abin da ya ƙara mini baƙin ciki.

Yau da safe Ɗayyabu ya dawo a sake duba shi, don an yarda a mayar masa da motarsa in na amince. Na bincike shi bincike irin wanda ban taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ni kaina ban san ko aibu nake nema ba, ko kuwa so nake ya tafi ya ba ni sararin numfashi. Ban sami komai ba. Na sa hannu. Ya kama hannuna ya riƙe kamar yadda ya saba, ya gaida kowa, ya ce lallai in gaishe ki, kuma in zo ɗaurin aure.

Tafin hannunsa sanyi ƙalau. Nawa ne yake zafi, Yaya, kuma ni ba mai auna ni ya ce in je gida in kwanta.

Ki gaida maigidan da yara. In kin tashi zuwa, ki shigo bas da kwanciyar hankali.

Ƙaninki har kullum,
Suhaib