Kwalaben da ke Ƙarƙashin Shinkafa

Litinin, 3 ga Maris, 1969
Wata na bakwai ke nan a kogin Mekong. Yau an haɗa mu da Khiem, sojan ruwan Vietnam ta Kudu, wai in koya masa tuƙin jirgin sintirinmu kafin mu Amurkawa mu bar musu jiragen. Ya girme ni, a kan ruwan nan aka haife shi. Purvis, mai riƙe mana babbar bindiga, ya ce, "Delaney, kai za ka koya wa kifi iyo?" Khiem ma ya yi dariya.

Alhamis, 6 ga Maris
Kwale-kwale talatin muka bincika. Kifi, shinkafa, tsofaffi. Ba mai kallon idonmu. Mutanen da muka zo taimako ke nan.

Talata, 11 ga Maris
'Yan tawayen Vietcong sun yi mana kwanton ɓauna a wani siririn mashigin ruwa, da rana tsaka. Roka daga cikin itatuwan kwakwa. Purvis bai ƙarasa abin da yake faɗa mini ba, ta kashe shi. Khiem ne ya karɓi tuƙi daga hannuna ya fitar da mu.

Laraba, 12 ga Maris
Aka ce mu koma mu ƙone gaɓar duka. Muka ƙone. Da muna dawowa Khiem ya nuna wani rufi yana ci da wuta, ya ce, "A gidan can na auro matata." Ban tambaye shi ko da mutane a ciki ba.

Alhamis, 20 ga Maris
Na fara wasiƙa ga uwar Purvis sau huɗu. Me zan ce ya mutu dominsa? Mashigin ya koma hannun 'yan Vietcong tun washegari.

Asabar, 29 ga Maris
Mun tare wata tsohuwa a kwale-kwale da safe. Na tura hannu cikin buhun shinkafarta, na taɓa kwalabe. Maganin zazzaɓi da bandeji, masu yawa. Na san inda za su: wajen 'yan Vietcong. Ta tsaya tana kallon ruwa.
Laftanar ɗinmu ya tambaya ta rediyo ko akwai wani abu. Na mayar da shinkafar na rufe, na ce babu.
Khiem ya gani. Ya tura kwale-kwalenta da ƙafa, ya ce mata, "Sauka lafiya, Inna."
Gajiya ce kawai, ina jin. Gobe ma ni ke bincike.