Iskar da Ta Maƙale a Birkin Anti Jumai

Tudun Wada, Zariya
Ranar Talata

Yaya Surayya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Abban Jannatu da ita Jannatun. Yaya ƙafar Inna, da sauƙi?

Littafin da kika aiko ko rabi ban kai ba, don hankalinmu a tashe yake. Kin san wata biyu ke nan da ƙaninki Ashraf ya bar garejin maigidansa Malam Sabo ya buɗe nasa a ƙofar gida. Babban aikinsa na farko jif ɗin Anti Jumai ce, nas ɗin da ke kai rigakafi ƙauyuka. Birkin bayanta mai ganga ne, laka na cika shi da damina, shi ne ya sauya mata zuwa mai faifai. Ya ɗaura komai tsaf, amma da an taka sai ƙafa ta nutse kamar an taka katifa. Ya ce iska ce a cikin man birki.

Kwana uku ni ce mai taka masa. Ina kujerar direba da littafi a cinya, yana ƙarƙashi yana sassauta ƙusar fitar da iska. A littattafai ango kan fita da amarya yawo a mota, ni tawa ko tayoyin baya babu. Anti Jumai ta ce in Juma'a ta yi bai gama ba, wurin Malam Sabo za ta kai. Shi kuma ya ce ranar da aka ja motar nan can, rufe garejin zai yi ya bi ta, ya koma yaron maigidansa. Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki,
Fiddausi

Ranar Asabar

Yayata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan duk kuna lafiya. Albishirinki!

Shekaranjiya da hantsi ƙafata ta ƙage, na sauko na buɗe masa lemon kwalba. Ina ta kallon kumfar tana hawa sama, sai na durƙusa na leƙa. Ƙusar nan a ƙasan abin da ke matse faifan take. Cikin kunya na tambaye shi ko iskar mota daban ce da ta lemo, tunda yana jiran ta ta ƙasa.

Yaya, sai ya ƙura wa ƙusar ido, ya leƙa ta ɗaya gefen. Ashe na hagu ya ɗaura a dama, na dama a hagu, shi ya sa suka kife! Ya tashi da dariya har ya ƙume goshi, ya ce da injiniya yake zaune bai sani ba, yana ta sa ta dafa wake.

Da ya musanya su, taku biyar iska ta fita, birki ya yi tauri kamar dutse. A gwaji sai baya ya riƙa kamawa kafin gaba, ya yi ta rage ƙarfin man da ke zuwa can har suka daidaita. Sannan ya buɗe mini ƙofar gaba da kansa, muka je Kwangila muka dawo, atamfata duk baƙin mai, ina jin kaina kamar sarauniya.

Jiya Anti Jumai ta gwada, ta ce motar abokiyar aikinta ma tana tafe. Gareji na nan daram.

Littafin na ajiye shi tukuna. Jarumar ba ta iya komai ba sai kuka.

Ki gaishe da Inna.

Taki har kullum,
Fiddausi